Kwana Tara Bayan An Zare Wa Inna Jijiya

Ni na matsa aka yi wa Inna aiki a ƙafa. Gara in faɗa tun farko, don duk layinmu a Sabon Gari an sani, ba sai wani ya tuna mini ba.

Tun ina yarinya nake ganin jijiyoyin nan. Daga bayan gwiwarta ta hagu suke tasowa, su murɗe kamar igiyar guga, su gangara har idon sawu. Wani wurin sun yi ƙulli-ƙulli, sai ka ce an cusa aya a ƙarƙashin fata. Na daɗe ina zaton haka ƙafar kowace uwa take. Zogale take sayarwa. Da sassafe ta hau mota zuwa Jiratawa, garin da aka haife ta, ta ɗauko buhu biyu a lambu, ta dawo ta tsige, ta ɗora babbar tukunya, ta tsaya a kanta har ganyen ya nuna, ta tsame, ta matse, da la'asar ta fita bakin titi tana kwaɗa wa mutane da ƙuli. In ka cire tsigar, babu abin da take yi a zaune. Haihuwa bakwai ta yi, mu biyar muka rayu. Babanmu ya rasu ina aji uku a kwaleji. Yayyena duk sun yi aure sun watse, ni auta na rage da ita. Ni kaɗai kuma a gidan na yi lakwal, wato boko, har babbar sakandare da muke kira lise, shi ya sa duk abin da ya zo da takarda ko da Faransanci a kaina yake sauka.

Abin bai dame ta ba sai da gyambo ya buɗe a saman idon sawu. Ɗan ƙaiƙayi ne da farko, ta sosa, fatar ta yi baƙi, ta fashe. Shekara biyu yana nan. Wanzami ya yi mata ƙaho sau uku. An ba ta garin sassaƙe, an ba ta zuma, wata ta ce ta buɗe kafso ta zazzage a ciki. Ya yi kamar zai rufe, damina ta zo ya sake buɗewa. Da tsumma take ɗaure shi, ta saki zane ya rufe don kada masu sayen zogale su gani. Ni nake wanke tsumman, kuma ban taɓa wankewa bakina a rufe ba.

Wata rana tana tsaye tana tsame ganye, ta ce mini ƙafarta ta jiƙe, in duba ko ruwan tukunya ne. Jini ne. Wata ƙaramar jijiya ta fashe kusa da gyambon, tana tsartuwa siriri kamar an huda leda, takalminta har ya cika. Ko zafi ba ta ji ba. Na kwantar da ita, na ɗaga ƙafar na ɗora a kan turmi, na danne da ɗankwalina sai da ya tsaya. Tana kwance a ƙasa, abin da ta ce mini shi ne in sauke tukunya kada ganye ya narke.

Washegari na kai ta asibiti. Lokotoron da ya duba ta mai furfura ne, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba, don haka ni yake yi wa magana da Faransanci ina juyawa. Ya shafa mata wani abu mai sanyi, ya bi ƙafar da na'ura tun daga cinya har ƙasa yana kallon allo. Sannan ya jawo takarda ya zana. Ya ce a cikin jijiya akwai ƙananan ƙofofi masu hana jini komawa ƙasa, nata sun saki, jini na hawa yana zamewa ya dawo ya taru, shi ne ya ci fatar. Za a zare babbar jijiyar da ta lalace, a tsince ƙananan, jini ya koma bi ta na ciki masu lafiya. In an yi haka gyambon zai samu ya rufe.

Inna ta saurare ni har na gama, ta ce, "Tambaye shi, in ya zare jijiyar, mi za shi riƙe ƙahwar?"

Ya gane kafin in juya. Ya yi dariya ya ce, "Ƙashi, Hajiya."

"Ban je ba tukuna," in ji ta. "Zogale nike saidawa."

Mun fito tana cewa mutumin kirki ne, amma ba mai sa mata wuƙa. Wata huɗu ina fama da ita. Da safe in yi, da rana in yi, tana cin abinci in yi.

"Kin hi son a guntule ta gaba ɗaya? In ta ruɓe yankewa za su yi, kuma kada ki sa rai ni zan tura ki a keke."

"Bakinki da kaihi, Auta. Wa za shi aure ki?"

"Wanda ya ga uwata da ƙahwa biyu."

Ran da ta yarda ba ta ce na yi gaskiya ba. Cewa ta yi, "A yi, ko na huta da ke."

Aikin bai daɗe ba. Allura suka yi mata a baya, rabin jikinta ya mutu, idonta biyu. Da aka fito da ita ta ce mini tana jin su suna ta hirar tsadar albasa a kanta, har ta so ta gaya musu inda ake samun ta da sauƙi a Jiratawa. Wuri bakwai suka yanka, duk ƙanana, aka naɗe ƙafar da bandeji tun daga yatsu har cinya. Washegari aka tashe ta tsaye ta taka. Rana ta biyu aka sallame mu.

Kafin mu fita lokotoro ya tsayar da ni a bakin ƙofar ɗakin. Mutane na jiran sa a layi, amma bai yi sauri ba. Ya ce ta riƙa tafiya sau da yawa a wuni, ko kaɗan-kaɗan ne, kada ta daɗe a wuri guda. In ta zauna a miƙe ƙafar a ɗora ta a kan matashi. Ya ce abin da ake tsoro bayan wannan aiki ba ɗinki ba ne. In mutum ya zauna bai motsa ba jini na iya daskarewa a jijiyar ciki, in gudan ya ɓalle ya bi jini ya kai huhu, yana kisa. In bayan ƙwauri ya kumbura, ko ya yi zafi, ko numfashi ya yi wuya, a kawo ta nan take. Kada a murza, kada a gasa. Sau biyu ya maimaita wannan. Na ce na ji. Kuma na ji, babu kalmar da ta wuce ni.

Inna tana zaune a benci da ƙullin kayanta. Na riga na tsayar da mai adaidaita a waje, rana ta yi zafi, ina tsoron ya ɗauki wasu ya tafi.

"Mi ya ce?"

"Ya ce ki riƙa tahiya. Kada ki zauna."

"Shi ke nan? Na ga ya daɗe shina magana."

"Sauran surutu ne. Tashi mu tahi."

Na gaya wa kaina daga baya cewa don kada ta tsorata ne. Ƙarya nake yi. Gajiya na yi da juya magana, kuma na ɗauka tun da ina nan, ni na sani, ya isa.

A gida muka tarar da yayar Inna, wadda muke kira Iya. Daga Tsibiri ta zo jinya. Ta share ɗaki, ta sauko da katifa ƙasa, ta shimfiɗa tabarmi biyu a ciki, uku a tsakar gida. Iya ita ta raini Inna bayan rasuwar uwarsu, ita ta yi mata wankan jego duk haihuwa bakwai. Ban taɓa jin Inna ta ce mata a'a ba, ko a kan gishirin miya.

Tabarmin nan ba su yi yawa ba. Shekara talatin Inna ba ta taɓa jin an kwanta a wani gida ba ta je ba. Suna, biki, rasuwa, dubiya, da ƙafar nan mai gyambo take zuwa, ko a Tsibiri ne ko a bayan Jiratawa. Yanzu ranar ramawa ta zo. Tun da hantsi takalma ke taruwa a ƙofar ɗaki. Mai fura, mai kunu, mai lemu, mai sabulu. A shigo a durƙusa, ya jiki, da sauƙi, Allah shi ƙara sauƙi, sannan a gyara zama. Kafin waɗannan su tashi wasu sun yi sallama.

Ranar da muka dawo na fitar da ita da yamma muka je ƙarshen layi muka dawo. Washegari muka fita da hantsi, muka wuce famfo, har muka hango titi. Tana dafa kafaɗata tana takawa a hankali. Ta ce ɗinkin na ja, amma ƙafar ta yi mata sakayau kamar an sauke mata tulu. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Har na fara yi mata gori.

Da muka dawo, mata shida daga Jiratawa suna zaune a ɗaki sun kewaye katifa babu kowa a kai. 'Yan uwanta ne da matan masu lambun da take saye a wurinsu.

Ɗaya ta ce, "Ikon Allah. Mu mun baro lambu babu ban ruwa, ashe marar lahiyar tana yawon shan iska."

Wata ta ce, "Ku tashi mu koma. Wagga ta hi mu ƙarhi. Gobe ita za ta zo duba mu."

Wasa suke yi, aka yi dariya. Inna ma ta yi, amma na ga yadda ta saki kafaɗata da sauri, ta zauna a katifa ta ja zane ta rufe bandejin, tana ba su haƙuri kamar ta yi sata. Bayan sun tafi Iya ta kira ni bakin murhu.

"Mutum ya hau mota tun daga Jiratawa, ya iske shimhiɗa babu kowa. A gidan wa aka taɓa yin haka?"

"Lokotoro ya ce ta yi tahiya."

"Lokotoro ya yi nashi ya gama. Jinya tamu ce. An yanka mutum wuri bakwai ki ce shi yi ta yawo, ɗinki shi warware a titi? Kahin a haihe ki nike jinya."

"Kin taɓa jinyar wanda aka zare ma jijiya?"

"Na yi ta wadda ta haihe ki."

A nan ya kamata in zauna in gaya mata maganar jinin da ke daskarewa. Iya ba wawuya ba ce. Da na ce mata zaman na iya kashe ƙanwarta, da ita za ta riƙa kora ta waje da muciya. Ban faɗa ba. Na tsaya a kan lokotoro ya ce, lokotoro ya ce, ina ƙara murya, don na fi son ta bi saboda na fi ta sani.

Daga ranar Inna ba ta sake leƙa ƙofar gida ba. Bayan sallar asuba, don ta rufe mini baki, takan zaga tsakar gida sau uku, Iya na biye da ita tana cewa ya isa. Sauran wunin a zaune. Matashin da na ajiye don ɗora ƙafa ya koma bayanta. Ba za ta miƙe ƙafa tana nuna tafin sawu ga surukai da manya ba, sai ta lanƙwashe ta ƙarƙashin zane, ta zauna a haka tun daga hantsi har azahar, daga azahar har magariba. In na shigo na ce ta miƙe, sai ta yi mini ido. In na jawo ƙafar da hannuna, da na fita ta mayar.

Rana ta huɗu na kasa. Ɗakin cike, an shiga hirar wani biki da ba a yi ba tukuna. A cikinsu akwai tsohuwar da ke sayar da ƙuli kusa da Inna a bakin titi, tun safe take nan, har ta yi gyangyaɗi ta farka. Na tsaya a ƙofa na ce, "Wai dubiya ce ko zaman makoki? Kun gan ta, da sauƙi. Ku tashi ta samu ta miƙe ƙahwa."

Tsohuwar ta laluba takalminta, ta dubi ta kusa da ita ta ce, "Ɗiyar lakwal ta sallame mu. Tashi mu tahi kahin a kira mana jandarma."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowace na yi wa Inna Allah shi ƙara sauƙi, ba wadda ta dube ni. Inna ba ta ɗaga murya ba. Sai da gidan ya zama babu baƙo ta ce in shigo in zauna.

"Auta, waɗanga da kika kora, su suka zauna da ni wata huɗu da kwana goma ran da ubanki ya bar ni. Wagga tsohuwa ita ta riƙe mini wurin sana'a har na hito. Ke kina lakwal, ba ki gani ba."

"Don ƙahwarki nike yi."

"Ƙahwar tawa ce, mutanen ma nawa ne. Ba ki kore mini ko ɗaya. Gobe ki je ki ba ta haƙuri."

"Ba ni zuwa."

"To."

Na miƙe na ce, "Ku ji da ita, ke da Iya. Na cire hannuna."

Ina aiki a wani shagon fotokofi kusa da kasuwa. Mai shagon ya ba ni mako guda, amma washegari na koma da kaina. In fita da safe, in dawo da magariba. In tsaya daga bakin ƙofa in ce ya jiki, ta ce da sauƙi, in wuce. Na iya fushi, tun ina ƙarama na iya shi. Rana ta shida ta kira ni, ta zaro lemu biyu daga bayan matashi, manya, ta ce ta ɓoye mini ne cikin waɗanda aka kawo. Na ce na ƙoshi. Ta riƙe su a hannu na ɗan lokaci, ta mayar.

A kwanakin nan na ji warin man kaɗanya a ɗakin, ban tambaya ba. Na ga in za ta bayi tana ɗingishi fiye da ranar da muka dawo daga asibiti, tana dafa bango. Na gani da idona. Abin da na ce a raina shi ne maganinta ke nan, tun da ba ta jin magana. Ni da aka tsayar a bakin ƙofa aka maimaita wa sau biyu.

Rana ta tara, bayan azahar, ina cikin jera takardun wani malami salulata ta yi ƙara. Maƙwabciyarmu ce. Ta ce in wuce asibiti, kada in biyo gida. Surukan yayata ne suka zo daga Tsibiri. Da za su tafi Inna ta ce waɗannan ba a sallamar su daga zaune, ta miƙe ta raka su. Ta kai ƙofar gida, ta dafa bango, ta ce ƙirjinta, ta ce iska ta ƙi shiga. Ta zame ta zauna a ƙasa.

Na hau kabu-kabu. Ban san yadda muka ratsa kasuwa ba. Na same ta da rai, an sa mata robar iska a fuska, leɓenta ya yi toka-toka, gumi ya jiƙa mata wuya. Iya na tsugune a gefen gado ta riƙe ƙafar gadon. Inna ta gan ni. Ta ja robar da hannunta, na sunkuya.

Ta ce, "Kada ki yi ma Iya hwaɗa."

Na ce, "Wane hwaɗa?" Ta mayar da robar. Aka fitar da mu waje. Kafin la'asar ta cika.

Lokotoro ya kira ni ni kaɗai. Ya kwance bandejin ya nuna mini. Bayan ƙwaurin ya kumbura ya yi tauri yana sheƙi, ya kusa biyun ɗayan. Ya tambaye ni tun yaushe yake haka. A hankali ya yi tambayar, babu zargi a ciki. Na buɗe baki, duk Faransancin da na koya babu amsa a ciki, don ban sani ba. Gida ɗaya muke kwana. Sai ya ce ga alama abin da ya gaya mini ne ya faru, gudan jini ya tafi huhu. Wuraren ɗinkin duk sun kama, babu ruwa, babu wari. Gyambon da na yi shekara biyu ina wanke tsummansa ya tsuke, sabuwar fata ja ta kewaye shi, abin da ya rage bai fi farcen babban yatsa ba. Ban tambaye shi ba, shi ma bai ce aikin ya yi kyau ba. Ya ja zanen ya rufe.

Kafin magariba aka kai ta. Gida ya cika fiye da da. Na zauna inda aka zaunar da ni, ana shigowa ana ya haƙuri, ina cewa da godiya. Tsohuwar ƙuli ta zo, ta zauna kusa da ni ta kama hannuna tana addu'a. Wuni uku tana zuwa. A bayan ido kuma na san abin da ake cewa: shekara da shekaru tana yawo da jijiyoyinta lafiya lau, aka kai ta aka zare, ko kwana goma ba ta yi ba. Wata ma a gabana ta faɗa, wai ba kowane ciwo ake kai wa wuƙa ba. A da da ta ji amsa. Na dube ta kawai.

Ranar sadakar uku, bayan an watse da la'asar, ni da Iya muka rage a bakin rariya muna wanke tukwane. Kwana uku ba ta ci abin kirki ba, idonta ya faɗa. Tana goge gindin tukunya da toka, ba ta ɗago ba ta fara magana.

"Tun ran da kika koma aiki da kwana ɗaya ƙahwar ta hwara kumbura. Ta ce tana mata zahi nan baya. Na ce a gaya miki. Ta ce a'a, in Auta ta ji za ta tada gida, ta ce laihinmu ne, ta kwashe ni ta maida asibiti, mutane su zo su iske babu kowa. Ta ce mu bari shi sace da kanshi."

Na ci gaba da ɗauraye kwanon da ke hannuna, wanda na riga na ɗauraye.

"Sai na riƙa gasa mata da ruwan zahi, sahe da yamma, in kin hita da kuma kahin ki dawo. In sassauta ɗaurin in shahwa man kaɗanya in murza. Da ƙarhi nike murzawa, daga ƙasa in yi sama, don jinin shi sake. Ran nan ma da sahe na yi mata. Ta ce ta ji daɗi, har ta yi barci."

Ta ajiye tukunyar. Hannunta duk toka, ta riƙe su a gabanta tana kallo.

"Ke kika yi karatu, ke lokotoro ya yi ma magana. Gaya mini gaskiya, ke ba ki ɓoye magana. Murzar da na yi ce?"

Ban sani ba ko ita ce. Wataƙila gudan zai ɓalle ko ba a taɓa ba. Abin da na sani, an ce kada a murza, kada a gasa, a kawo ta nan take, kuma a duk gidan kunnena kaɗai maganar ta shiga. Kwana uku ƙafar na kumbure, asibiti na nan cikin gari, adaidaita na wucewa ta ƙofarmu. Na so in faɗi maganar duka, tata da tawa. Iya na jira. Ta tsufa a kwana ukun nan, wuyanta ya yi siriri cikin mayafi.

Na ce, "Ba ita ba ce, Iya."

"Ya ce haka?"

"Ya ce haka. Ya ce ko mi aka yi, kwana ne ya ƙare."

Ta daɗe tana kallona. Ban san ko ta yarda ba, don ta san lokotoro ba ya irin wannan magana, kuma ta san ni tun ranar da na faɗo duniya. Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ta jawo tukunyar ta ci gaba da gogewa. Na miƙa mata ruwa.

Bayan sadakar bakwai ta koma Tsibiri. Ina zuwa gaishe ta in na samu hutu. Ba ta sake tambaya ba, ni ma har yau ban gaya mata sauran abin da lokotoro ya ce ba.